Jatau da Ya Fasa Rumbun Iri

Sallau, kashe rediyon nan ka matso. Hansai, sauke yaron nan, ya yi barci tun ɗazu. Kai ma Ɗantani, na ga furfura a gemunka, amma ba ka fi ƙarfin tabarmata ba. Yau ba jikoki na kira ba, ku iyayensu nake so. Ga ta nan, ga ta nanku, ta manya ce.

Ta zo mu ji ta, Inna, kunnuwanmu na wajenki.

Wani gari ne mai ganuwa da ƙofa ɗaya. A garin akwai wani magini, sunansa Jatau. Rumbu yake ginawa, tun yana saurayi har ya tsufa. In ya ƙwanƙwasa cikin rumbu da yatsa ya kara kunne, sai ya gaya maka abin da ke ciki, ko hatsi ne ko iska.

Mutanen garin suna da wata al'ada. An taɓa yin shekarar yunwa, suka cinye irin shukarsu, damina ta zo ba abin sawa a ƙasa. Tun daga nan, kowace kaka kowane gida sai ya kawo zangarniyar da ta fi kyau. Sai a zuba a rumbu ɗaya a tsakiyar gari, a liƙe bakinsa da laka. Ba mai buɗewa sai mai gari, shi ma sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Duk wanda ya taɓa rumbun kafin ranar, a fitar da shi bayan ganuwa, ba ya dawowa. Jatau ne ya gina rumbun da hannunsa.

To, Jatau yana da taubashi, sunansa Nomau. Uwar Jatau da uban Nomau ciki ɗaya suka fito. Jatau ya girme shi da shekara goma sha biyar, har goya shi ya yi. Kun san taubasai, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Jatau yana kiransa Kan Tulu. Nomau yana kiransa Zanzaro, wai don kullum yana cikin laka. Ƙaryar da suka shirga wa juna ba ta ƙirguwa, kuma ba wanda ya taɓa yin fushi.

Ana nan sai Nomau ya auri 'yar Jatau ta fari, Ladidi, bazawara ce, ita ta ce shi take so. Sai Jatau ya zama surukinsa. Ba a shekara ba sai mai gari ya rasu bai bar ɗa ba. Dattawa suka duba zuriya, sai rawani ya faɗa kan Nomau. Sai Jatau ya zama talakansa.

Daga ranar Jatau bai ƙara sanin yadda zai gaida mutumin nan ba. In ya hango shi, sai ya tsaya yana lissafi. In tsokane shi? In kau da kai? In cire takalmi? Kafin ya gama, ƙafarsa ta riga ta karkata wata hanya. Shi ma Nomau haka. Wata uku suna zagaye juna a gari ɗaya.

Rannan da bazara, zafi ya yi zafi, Jatau ya bi ta gindin rumbun iri. Sai idonsa ya kai kan duwatsun da rumbun yake zaune a kai. Sai ya ga wata siririyar hanya ta jar ƙasa ta hau dutse ta shige ciki. Ya waiga ba kowa, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Sama ta amsa da nauyi. Ƙasa ta amsa fayau, da wani ɗan motsi kamar ana tankaɗe. Gara ce.

Ya gaya wa dattijon farko da ya gamu da shi, dattijon ya ce wannan maganar mai gari ce. Ya gaya wa na biyu, ya ce shi bai ji ba, kada ma a ce ya ji. Ya koma gida ya gaya wa matarsa Marka. Marka mace ce da ba ta tauna magana. Ta ce to me yake jira, ba shi da baki ne? Ya ce baki yana da shi, fuskar da zai je da ita ce bai sani ba. Ya ce ko a bi ta wajen yarinyar can. Marka ta ce 'yar farin da ko sunanta ba ya iya faɗi, ita zai aika? Kuma maganar rumbun gari ba ta bi ta madafa. Ta ce ya tashi ya nemi mutumin.

Sai ya tafi. Ya ji an ce mai gari ya sulale wa fadawa ya tafi lambunsa duba albasa. Ya bi hanyar rafi, wata matsattsiya tsakanin shinge biyu. Sai ga su gaba da gaba, ba wajen kaucewa.

Jatau ya tuna mai gari ne, sai ya zube ƙasa. Nomau ya tuna uban matarsa ne, sai shi ma ya zube. Jatau ba zai tashi ba sai mai gari ya ce ya tashi. Nomau ba zai tashi ba sai surukinsa ya wuce. Suna tsugune, kowa na kallon ƙasa, gwiwa ta fara ciwo. Wata mata ta taho da tulu a ka, ta ga manya biyu sun tare hanya, ta tsaya, ta gaji, ta koma. Can sai Nomau ya saci kallo, ya ga laka a kunnen Jatau. Dariya ta ƙwace masa.

Ya ce, "Zanzaro, ƙwai kake sakawa a nan?"

Jatau ya ji sanyi a ransa, ya ce, "Kan Tulu, rawanin ma bai rufe shi ba." Suka miƙe suna kakkaɓe riga. Jatau ya ga hanya ta buɗe, sai ya kama hannunsa ya ce masa gara ta shiga rumbun iri, ta cinye ƙasa tana hawa sama.

Nomau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ƙaryar ta fi ta bara, da Jatau ya ce masa jakinsa ya faɗa rijiya ya sa shi gudu ba wando. Jatau ya rantse. Nomau ya ce ai waccan ma ya rantse. Jatau ya ɓata fuska, Nomau ya ce kai, har fuskar ma ya iya. Ya ce so Jatau yake ya sa shi fasa rumbu kafin ruwa, a kori mai gari da kansa, gari ya samu abin dariya na shekara goma. Sai ya fizge hular Jatau ya cusa a aljihu, ya wuce yana waƙa.

Jatau ya dawo gida kai ba hula. Marka ta dube shi ta ce da wace fuska ya je? Ya ce shi ma bai sani ba, ya fita da ta talaka, ya tarar da kansa da ta taubashi. Ta ce to ai taubashi ko gidansa na cin wuta ba a yarda da shi. Ta ce ya aika a kira masa yaron, a matsayin uban matarsa. Suruki ba ya musu da suruki.

Sai ya aika. Da la'asar sai ga Nomau ya zo, ba rawani ba fadawa. Tun daga bakin layi ya cire takalmi. Bai shigo zaure ba, ya tsuguna a waje jikin zana, kansa a ƙasa. Jatau yana ciki, ya juya fuska yana kallon bango. Suka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina zafi, ina mutanen gida, ina dabbobi. Suka gama suka sake daga fari. Muryar kowa ba ta fi ta sauro ba.

Jatau ya buɗe baki zai ce gara. Sai ya ji kalmar ta yi masa nauyi. Ya za a yi mutum ya kira surukinsa ya ce masa abin da aka ba ka amana yana lalacewa a hannunka? Ai cin fuska ne. Sai ya sassauta. Ya ce dama maganar rumbu ce. Ya ce rumbu in an daɗe ba a duba shi ba, ƙasansa yakan zama wayam. Ya ce shi dai ya ga ya kamata a sani.

Nomau ya ce, "To, Baba."

Jatau ya ce abin ba ya son jinkiri.

Nomau ya ce, "To, Baba. An gama, Baba."

Ya ja da baya a tsugune har ya kai wajen takalminsa. Jatau ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa Marka yau kam an ji.

Washegari da hantsi sai ga jaki biyu a ƙofar gida, kowanne da buhun gero, surfaffe, an wanke an shanya. Mai kora ya ce mai gidan Ladidi ya ce a gaida Baba, kuma don Allah in rumbun gida ya sake yin ƙasa kada a ji nauyin faɗi.

Jatau ya zauna a dakali ya riƙe kai. Marka ta zuba hannu a buhu ta ɗebo, ta ce ko shuka shi ba a iya yi. Ta ce jiya ta ji su ta bayan zana, mutum biyu suna ta kewaye magana kamar masu tsoron ta cije su. Ta ce saura fuska ɗaya. Ya je fada, gaban jama'a, ya faɗi a matsayin talaka mai kawo ƙara. Abin da aka faɗa a fada ba ya zama wasa, ba ya zama roƙo.

Sai ya tafi fada. Mai gari yana can ƙuryar zaure a kan buzu, rawani ya rufe masa baki. Fadawa sun jeru. Talaka ba ya wuce bakin ƙofa, kuma ba ya magana da mai gari kai tsaye. Sarkin Fada zai gaya wa, shi ya ɗauka ya kai. Jatau ya cire takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa. Fadawa suka amsa, mai gari ya gaishe ka.

Nomau kuwa da ya ga uban matarsa da goshi a ƙasa, sai gumi ya karyo masa. Ya sunkuyar da kai, kunnensa na ƙara. Ba abin da yake so sai a gama tsohon ya tashi.

Sarkin Fada ya matso ya ce me ke tafe da shi. Jatau ya ce masa a fili, ba kwana, gara ta shiga rumbun iri, ta ci kusan rabi. Sarkin Fada ya zaro ido. Shekara talatin yana aikin nan, bai taɓa kai wa mai gari mummunan labari da safe ba, balle sabon mai gari a shekararsa ta fari, gaban baƙi. Aikinsa shi ne ya wanke magana kafin ta isa. Sai ya juya ya gyara murya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Jatau magini ya ce albarkar zamaninka ta kai har rumbun iri. Ya ce har ƙananan halittun ƙasa sun yi layi suna kawo gaisuwa."

Fadawa suka ce gaskiya ne, zamani ya yi kyau. Jatau ya ɗago zai ce ba haka ya ce ba. Wani bafade ya danna masa kafaɗa, ya ce ba a ɗaga kai. Nomau ya yi sauri ya ce a ba shi riga. Aka yafa masa riga, aka ce ya yi godiya. Ya yi godiya. Aka ce ya tashi. Ya tashi.

Ya fito rana da riga a kafaɗa, ya tsaya a tsakiyar fili. Ya rasa ko shi wane ne. Ya yi magana an yi dariya. Ya yi magana an ba shi gero. Ya yi magana an ba shi riga. Har ya fara tunanin ko garar ma a kansa take. Ya koma gindin rumbu ya sake kara kunne. Motsin ya hau, ya wuce inda ya bar shi da taki ɗaya. Ya duba gabas, sama fes, ba alamar hadari. In aka jira ruwa, laka za a raba wa mutane.

Da ya je gida Marka ba ta tambaye shi komai ba, ta ga rigar. Ya ce fuskokin sun ƙare. Ta ce to wanda ya gina rumbun fa, shi ma ya mutu ne? Ya ce in ya taɓa, bayan ganuwa za a kai shi, da tsufansa, kabarin iyayensa na ciki. Ta ce ta sani. Ta ce ita ba za ta ce ya yi ba, ba za ta ce ya bari ba. Sai ta shiga ɗaki ta fara naɗe tabarmi tana tara toka a ƙwarya.

Da safe, rana ta fito, mata na zuwa rijiya, Jatau ya ɗauki gatarinsa. Ya je gaban kowa ya sari cikin rumbu. Sara uku, bango ya buɗe. Sai ga gara ta zubo fara fat, da jar laka, da ƙaiƙayi. Rabin ƙasa ya tafi. Rabin sama yana nan lafiya. Marka ta shimfiɗa tabarmi, suka dinga jido zangarniya suna kakkaɓewa, suna barbaɗa toka, suna bajewa a rana. Mutane suka taru suna kallo, ba mai taimako ba mai hanawa. Sai da suka gama tsaf, sannan dogarai suka tuna aikinsu, suka kama shi.

Gari duka ya taru a ƙofar fada. Wasu dattawa suka ce doka ba ta ce sai in da gara ba, wanda ya taɓa ya fita. In aka bar wannan, baɗi wani zai fasa ya ce ya ji motsi. Mata suka ce to ku shuka dokar mu gani in za ta tsiro. Wani ya ce ai taubashi ne, taubashi yakan fasa maka tukunya ba a kai shi ƙara. Wani ya ce rumbun ba na Nomau ba ne, na gari ne, gari ba shi da taubashi. Wata tsohuwa ta ce tun da take ba ta taɓa jin yaro ya yanke wa uban matarsa hukunci ba, bakin da ya yi haka ba ya ƙara cin tuwon 'yarsa. Wani ya ce ai ba yaro ne zai yanke ba, rawani ne. Aka ce to a cire rawanin a ajiye, a ji in zai yi magana. Sarkin Fada dai ya laɓe bayan mutane.

Nomau ya ga abin ya cakuɗe. Sai ya sauke rawani daga bakinsa, ya dubi Jatau ido cikin ido, karo na fari tun ranar ɗaurin aure.

Ya ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Jatau ya ce, "Sau uku na gaya maka."

Nomau ya tuna hanyar rafi, ya tuna jikin zana, ya tuna zauren fada. Ya ce, "Ni ban san wanne daga cikinku yake magana ba."

Jatau ya ce, "Ni ma ban san wanne daga cikinku yake riƙe da rumbun ba."

Aka ce mai gari ya yanke. Ya buɗe baki zai ce a fitar da shi, sai ya hango Ladidi cikin mata da goyo, sai bakin ya rufe. Ya buɗe zai ce a sake shi, sai ya ga idon dattawan da suka naɗa shi, sai bakin ya rufe. Ya buɗe zai mai da abin wasa, ya duba ko'ina ba mai dariya. Ya ce a dawo gobe. Gobe ya ce a dawo jibi.

Ran na huɗu ana zaune sai iska ta juya, hadari ya haɗo, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya jira izini. Kowa ya ruga ya ɗebi rabonsa a tabarmin Marka, ya saɓi sungumi ya yi gona. Dogaran ma suka saki igiya suka bi. Fada ta watse, aka bar Jatau tsaye cikin ruwa, ba a kore shi ba, ba a sake shi ba.

Ya nufi gida, ya tuna ya karya doka, ƙafarsa ta ƙi. Ya nufi waje, ya tuna ba wanda ya ce ya fita. Sai ya je ƙofar gari, inda kaurin ganuwa ya yi inuwa, ba ciki ba waje. Ya shimfiɗa buzu ya zauna. Marka tana kawo masa tuwo safe da yamma, tana haɗa masa da faɗa.

Nomau kuwa gonarsa tana bayan gari, ƙofa kuma ɗaya ce. In ya bi ta nan dole ya gaida tsohon, kuma duk gaisuwar da ya zaɓa ta zama hukunci. Sai ya sa aka kafa masa tsani a bayan fada. Kullum da safe mai gari guda, da rawani da babbar riga, yana haura katanga kamar ɓarawon kaji. Gero ya tsiro, ya yi kai, aka girbe, gari ya ci bai ƙoshi sosai ba amma ba wanda ya mutu. Aka zo tara irin baɗi, ba rumbun zubawa. Magini ɗaya ne a garin, yana zaune a bakin ƙofa, an rasa mai bakin da zai ce masa shigo.

Ƙurunƙus, kan kusu ya leƙo ya koma raminsa.

Abin da na gani a ciki kaɗan ne. Mutum ɗaya yakan zama mutum uku a wajen ɗan'uwansa, kuma ladabin da bai bar gaskiya ta wuce ba ɓarna ne. Amma ni ban yanke ba. Ku ne masu gidaje, ku ne masu surukai, wasunku har ana cire muku takalmi. Jatau ya shiga ko ya fita? In ya shiga, wa zai kira shi, kuma da wane suna? Kada wanda ya ce mini kowa yana da gaskiya, na ji irin wannan na gaji. Sallau, kai ne babba, fara. Ku raba mini wannan kafin ku tashi daga tabarmar nan.